Tsohon Doki Sai Mai Shi?

Hausawa sun ce tsohon doki sai mai shi. Na daɗe ina fakewa da wannan karin magana duk lokacin da aka zolaye ni a kan Fijo 504 ɗin da na gada daga mahaifina, wadda aka harhaɗa a masana'antar Fijo ta Kakuri a Kaduna, masana'antar da ta fara aiki a 1975. A zamanin da aka saye ta, malamin makaranta ko ma'aikacin jirgin ƙasa a Kafanchan yana iya karɓar rancen mota ya shiga sabuwa fil. Tun da aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta zube, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi, aka koma wa gwanjo. Janye tallafin fetur a 2023 kuwa ya ƙarasa abin da ya saura. Saboda haka wanda ya riƙe tsohuwa bai yi abin kunya ba, ko da za a ce masa mai akwala.

Ni kam har alfahari nake yi da ita. Na san tarinta da atishawarta. In ta ƙi tashi da asuba lokacin hunturu, na san fulogi zan kwance in kankare, ko in busa kafireta. In lagireto ya yi zafi a hanyar Kwoi, akwai jarkar ruwa a but. Ƙofar baya ba ta buɗuwa sai daga waje, gilashin hagu kuwa da sukuddireba ake tokare shi. An sake mata inji, an sake ƙofofi biyu da kayan da na tsinto a Panteka, har wani abokina mai karatun falsafa ya ce ta zama jirgin ruwan nan da Girkawa suka yi ta gardama a kansa, wanda aka sauya katakansa ɗaya bayan ɗaya har aka rasa ko shi ne ko wani ne. Na ce masa lambarta dai ba ta sauya ba.

Akwai alheri a cikin wannan hali, ba kuwa zan yi musunsa ba. Mai gyara abinsa da hannunsa yana koyon haƙuri da lura, yana kuma tsira daga almubazzaranci da cin bashi don burge mutane. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Da wannan motar aka kai mata masu naƙuda asibiti cikin dare, da ita aka ɗauko buhunan citta daga ƙauye, da ita aka raka gawa.

To amma akwai inda ƙana'a take ƙarewa, ganganci ya fara, kuma ban gane iyakar ba sai da na kusa taka ta da jinin wani. Bututun man birki ya fara ɗiga. Maimakon in sayi sabo, sai na naɗe shi da tsinken roba, na riƙa ƙara mai kullum safiya, ina cewa sai ƙarshen wata. Ranar nan na fito daga Kagoro da 'ya'yan maƙwabcina uku a baya, muka zo wata gangara, na taka birki, ƙafata ta nutse har ƙasa. Da giya da birkin hannu na sha kanta, ta tsaya a cikin kwalbati, taku kaɗan daga wata yarinya mai tallar gyaɗa. Ba wanda ya ji rauni. Yarinyar ma dariya ta yi, don ba ta san abin da ya auku ba.

Tun daga ranar nake tambayar kaina: da wa na yi shawara kafin in naɗa robar nan? Gilashin da ba ya hawa, ni yake wahalarwa, kuma na yarda da wahalar. Turi da safe ma, wanda ya ga dama shi ke sa hannu. Amma birki da taya da sitiyari da fitila ba nawa ba ne ni kaɗai, ko da sunana ne a takardun mota. Kuɗin da na yi tattali a aljihuna suka zauna, kasadar kuwa na raba ta ga yaran da iyayensu suka ba ni amana, da mai talla, da duk wanda ya bi titin, alhali ba wanda ya ce ya amince.

Wani zai ce talauci ne ya jawo, kuma da gaskiyarsa. Direban haya da ke lodi daga Kafanchan zuwa Jos, in ya ajiye mota kwana uku, gidansa ba a ɗora tukunya. Ba ni da bakin da zan yi masa wa'azi daga kan kujera. Sai dai ni ban isa in ari uzurinsa ba, domin a makon da na ƙi sayen bututun na ɗinka sabuwar riga. Abin da ya ruɗe ni shi ne gwanintar kanta: na yi gyara ɗari ya yi kyau, sai na ɗauka hannuna ba ya kuskure, na daina rarrabe abin da na sani da abin da nake fata. Kuma na riƙa cewa Allah ya kiyaye, kamar addu'ar za ta toshe hudar da na gani da idona na ƙyale.

Maƙwabcin nawa bai ce mini uffan ba da na ba shi labari. Ya dai yi hamdala, ya tambaye ni ko na ji ciwo. Tun daga lokacin kuwa yaransa acaɓa suke hawa zuwa makaranta, ni ma haka, domin motar tana nan ɗage a kan duwatsu a ƙofar gida. Fulogi da kafireta ba zan daina taɓawa ba, amma birkin na bar wa bakanike, ya ce sai ranar Asabar.