Fatawa: Maigidan da ma'aikaciya ta kawo wa kuka

Tambaya: Wani mai gidan abinci a Dogondutsi, a bakin hanyar Yamai zuwa Birnin Ƙonni, ya ɗora ƙanensa a kan ma'aikata. Wata yarinya mai wanke-wanke, ƴar ƙauyukan Tibiri, ta kawo kuka cewa ƙanen yana matsa mata da neman lalata, har yana tsorata ta da kora. Ba ta da shaida. Shin ya halatta maigida ya sallame ta don a rufa asiri? Kuma maganarta ba ƙazafi ba ce?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Sallamarta saboda ta kawo kuka haramun ne. Ma'aikaciya amana ce a hannun wanda ya ɗauke ta, kuma hadisin Ibnu Umar, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, ya tabbatar da cewa kowane shugaba za a tambaye shi kan waɗanda ke ƙarƙashinsa. Tun da maigida ne ya miƙa wa ƙanensa ikon kora, shi ne farkon wanda ya wajaba ya hana a yi zalunci da wannan iko.

Alƙur'ani ya kawo irin wannan shari'a a cikin Suratu Yusuf. Azizu, maigidan Yusuf, ya ga rigar Yusuf a yage ta baya, ya gane matarsa ce mai laifi, amma ya nemi a bar maganar. Daga baya wanda aka zalunta aka jefa kurkuku, don a tsare sunan gida. Abin da maigidan nan yake son yi ke nan. Aya ta 33 a Suratun Nur kuma ta sauka ne kan Abdullahi bn Ubayyu, wanda ke tilasta wa kuyanginsa neman kuɗi ta hanyar alfasha. Idan shari'a ta kare baiwa daga ubangidanta, ina ga ƴa mai cin guminta?

Batun ƙazafi kuwa, bulala 80 tana hawa kan wanda ya jefi mutum da zina bai kawo shaidu huɗu ba. Wannan yarinya ba ta ce ya yi zina ba. Cewa ta yi ya neme ta, ya tsorata ta. Aya ta 148 a Suratun Nisa'i ta ba wanda aka zalunta damar bayyana abin da aka yi masa. Sai dai malaman Malikiyya suna ɗaukar habaicin zina a matsayin ƙazafi, don haka ta tsaya kan abin da ya faru, a gaban mai iya yi mata maganinsa. Laifin ƙanen, in ya tabbata, na ta'aziri ne, kuma alamomi suna da nauyi a nan, kamar yadda Ibnu Farhun ya yi bayani a Tabsiratul Hukkam. Saƙon waya alama ce, haka ma maganar abokan aiki.

Dokar ƙasa ma ba ta bar maigida ba. Sashe na 45 na kundin dokar aiki ta Nijar, ta 25 ga Satumba 2012, ya haramta neman lalata da ma'aikaci ta hanyar fakewa da matsayi. Gyaran kundin hukunta laifuka na 2003 kuma ya tanadi ɗaurin wata uku zuwa ƙasa da shekara ɗaya, da tarar jika 20 zuwa jika 200 na sefa, ga mai matsayin da ya aikata hakan. Korar da ba ta da hujja tana jawo biyan diyya.

Saboda haka wajibi ne maigida ya janye ƙanensa daga kan yarinyar tun yau, ya hana shi keɓewa da kowace ma'aikaciya. Ya saurari kowannensu daban, tare da wata dattijuwa amintacciya a wajen yarinyar. Kada ya taɓa albashinta, kada ya yanke wa ƙanen hukunci kafin bincike. In laifi ya tabbata, ƙanen ne zai bar wurin, zumunta ba ta kare shi. In yarinyar ta zaɓi kai ƙara ga jandarma ko ga sufeton aiki na jihar Dosso, haƙƙinta ne, kuma hana ta zunubi ne.

Allah ne Mafi sani.