Kawo Bakanikenka Ya Duba

A Kaduna, daga Barnawa har Sabon Tasha, akwai maganar da masu sayar da mota suke rufe bakin mai saye da ita: "Alhaji, kawo bakanikenka ya duba." Magana ce mai kama da adalci, kuma sau da yawa adalcin ne. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne mutumin da ya faɗe ta alhali ya san abin da ke ƙarƙashin motar. Shin ya fita haƙƙi a wajen Allah?

Ciwon inji ba ya ɓoyuwa, hayaƙi da ƙara za su tona shi. Na ƙafar gaba kuwa sitiyari zai kawo maka labarinsa har tafin hannu. Ƙafar baya ce mai shiru, musamman a motocin nan masu gudu da matasanmu suke mutuwar so, waɗanda tayoyin baya ne ke tura su. Kowace taya hannuwan ƙarfe huɗu ko biyar ne ke riƙe da ita, kowane da bushin na roba a bakinsa. Idan robar ta mutu, tayar takan ɗan karkata in ka taka totur, ta karkata wani gefen in ka ɗaga ƙafa. A cunkoson Kakuri ba za ka ji komai ba. Sai ka wuce Gonin Gora, hanyar Abuja ta buɗe, ka shiga kwana da gudu ka saki totur, a nan ne bayan motar zai nemi ya riga gabanta.

Tsohon da nake kai wa mota ya yi aiki a masana'antar Peugeot ta Kakuri, wadda ta fara harhaɗa 504 a 1975. Ba ya fara buɗe bonet. Durƙusawa yake yi ya zura hannu ya shafa gefen ciki na tayar baya. In ciki ya cinye waje yana da sauran kwana, saitin ƙafa ya gudu. In ya ji tudu da kwari a jikin tayar, shokozoba ta gaji. Sai ya haska tocila yana neman danshin mai a jikinta, da tsagar roba, da tabon walda a hannun ƙarfe. Ya sa liba ya ɗan banƙara bushin ya ga ko yana wasa. Ya taɓa ce min, "Ɗana, in ka ga sababbin tayoyi a baya kaɗai, ka tambayi ina tsofaffin suke." Dannan but da mutane ke yi don su ga ko mota za ta yi lilo bai ɗauke shi gwaji ba a irin waɗannan motoci, domin sifirinsu mai tauri ne, yana rufa wa matacciyar shokozoba asiri.

Bakanikai nawa ne suke da wannan ido? Mai motar ya fi kowa sani, domin shi ya ji wutsiyarta tana kaɗawa.

Malamanmu na da ba su ga mota ba, amma sun san wannan ciniki. Risalar Ibn Abi Zaid, da ake karantawa a zaurukanmu, ta jera ɓoye aibin kaya tare da algus da yaudara cikin abin da bai halatta ba. Bukhari da Muslim sun kawo hanin ɗaure hantsar dabba kamar akuya, a ƙi tatsarta don ta cika a idon mai saye, kuma wanda aka yi wa haka yana da zaɓin mayarwa. Ka lura, mai akuyar bai buɗe baki ya yi ƙarya ba, kuma bai hana a duba ba. Ya dai shirya abin da ido zai gani. Wanda ya goge man shokozoba da tsumma ya sa sabuwar taya, ni ban ga bambancinsa da wannan mutum ba. Gaskiya ne Hanafawa sun yarda mai sayarwa ya gindaya sharaɗin barranta daga kowane aibi, amma Malikiyya da muke bi sun ƙuntata ƙofar, ba su buɗe ta ga wanda ya sani ya yi gum ba. Maƙwabtanmu Kirista na Narayi da Television ma suna da gargaɗi kan ma'aunin zalunci a littafin Karin Magana.

Dillali yana da tasa hujja, kuma ba na raina ta. Mota ta fito daga gwanjon Amurka, ta sauka a Legas, ta bi hannu uku kafin ta iso Kaduna, shi bai taɓa gudu da ita ba. Wanda bai sani ba babu zunubin yaudara a kansa, ko da za a dawo masa da kayan. Sai dai akwai rashin sani na gaskiya, akwai kuma na wanda ya ga alama ya kau da kai don kada sanin ya rage masa riba. Na biyun nan nake jin tsoro, domin shi ya fi yawa, kuma mai shi yakan kwana da zuciya sake.

Akwai kuma inda mota ta fi akuya nauyi. Asarar nono a kan mai saye take tsayawa. Motar da ta juya a kan titi tana ɗauke da matarsa da 'ya'yansa, ga ɗan acaɓa a gefe wanda ba a yi cinikin da shi ba. Ko mai saye ya ce ya yafe, ba shi da ikon yafe nasu.

Bakaniken da aka kawo shi ma ba a bar shi a baya ba. Sanannen abu ne a wannan harka cewa wani yakan karɓi kuɗin dubawa a hannun mai saye, sannan ya zagaya bayan rumfa ya karɓi kasonsa a hannun dillali. Irin wannan ne zai tayar da inji, ya saurara da kyau, ya ce, "Oga, lafiya lau take," gwiwarsa ko ƙura ba ta taɓa ba.