Gyaran Tsohon Zarto da Haƙƙin Mai Riƙe Shi

A shekarar 1922 wani Ba'amurke, Raymond DeWalt, ya ƙirƙiro injin zarto wanda faifansa ke rataye a jikin hannu na ƙarfe, ana jawo shi bisa katako. Har yau akwai masu neman tsofaffin injinan nan, su kankare tsatsa, su sake boris, su daidaita hannun da teburin. Muna yaba musu, domin yasar da ƙarfe mai sauran amfani almubazzaranci ne.

Sai dai muna tambaya: shin gyara shi ne mayar da abu yadda ya fito daga masana'anta? Wasunsu ko ƙusa ba su yarda a canza ba. Alhali aibin wannan zarto tun asali yake, domin faifan kan hau katako ya taho wajen mai yanka. A shekarar 2000 hukumar kare masu saye ta Amurka ta sanar da janye kimanin miliyan 3.7 na samfurin Craftsman, saboda murfinsu bai rufe faifan duka ba, har mutane suka rasa yatsu.

To, kafintan da ya shafa fenti, ya bar faifai tsirara, ya miƙa wa yaron shagonsa, a ganinmu bai gama gyara ba. Shi ya san halin injin, yaro bai sani ba. In kuwa sayarwa zai yi, malaman fiƙihu sun wajabta bayyana aibi ga mai saye, kuma mu kam muna ƙidaya rashin murfi cikin aibi, ko da haka injin ya zo.