Hukuncin Ba 'Yan Ci-rani Zakka Bayan Gobarar Daji

Tambaya: Malam, gobarar daji ta cinye bukkokin wasu 'yan ci-rani da ke ƙwadago a garaken albasa kusa da mu a ƙasar Malbaza. Hatsinsu da tufafinsu da ɗan abin da suka tara duk sun ƙone, wasu da mata da yara. Wasunmu sun ce zakkar gari ta 'yan gari ce. Ya halatta mu ba baƙin?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ya halatta, ɗan'uwa, kuma in sun fi 'yan gari buƙata su ya kamata a fara ba.

Abin da malamanmu na Malikiyya suka faɗa shi ne a raba zakka a wurin da ta wajaba, kada a kai ta nisan tafiyar ƙasaru alhali akwai mabuƙata a kusa. Wuri suka shardanta, ba asali ba. Wanda wuta ta raba da dukiyarsa yana zaune tsakanin Galmi da Ƙonni, fakirin wannan wuri ne, ko daga Illela ya zo ko daga ƙetaren iyaka. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambaci fakirai da miskinai da ɗan hanya, kuma hadisin Ƙabisa da Muslim ya ruwaito ya halatta roƙo ga wanda annoba ta shafe dukiyarsa har ya samu abin tsayuwa da ƙafarsa. Wanda ke da wadata a garinsu, ana ba shi kuɗin mota da guzuri kawai, in bai sami mai ranta masa ba.

Ku fitar daga zakkar gero da dawa, ɗaya cikin 10 na noman damina. Albasa kanta ba zakka a cikinta a mazhabarmu, sai kuɗinta in sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo.

Wanda ba Musulmi ba a cikinsu, a ba shi sadakar ganin dama. Amma ciyar da mai jin yunwa da suturta yaro cikin sanyin hunturu wajibi ne a kan duk mai rara, ba a tambayar addini a nan.

Akwai abin da ya fi damuna. Mai garka ya biya su ladan kwanakin da suka yi aiki, cikakke, yanzu. Bashi ne a wuyansa, kuma haramun ne ya ƙirga shi cikin zakkarsa. Bukhari ya ruwaito cewa Allah da kansa zai yi husuma ranar alƙiyama da wanda ya ci gumin ɗan ƙwadago.

Wanda kuma ya kunna wutar ranar iska mai ƙarfi, don farautar ɓeraye ko sharar gona, Mukhtasar na Halil ya ɗora masa ramuwar abin da ya ƙone. A kai maganarsa gaban hakimi ko alƙali, kada kowa ya ɗauki hukunci da hannunsa.

Allah ne mafi sani.