Haƙƙin Wanda Ya Daina Gane Fuska

Bismillahir Rahmanir Rahim. Ya 'yan'uwa masu karatu, tambayarmu ta wannan mako ita ce: idan mutum ya wuce ɗan'uwansa bai gaishe shi ba, alhali idonsa a buɗe yake, shin ya ci haƙƙinsa ke nan? Da yawa za su ce ƙwarai kuwa. To, a dakata tukuna.

A Mahuta, da sauran garuruwan noma na tsakanin Funtuwa da Malumfashi, dattijo shi ne littafin gari. Ya san ɗan wane da jikan wane, ya kan hango mutum a kan hanyar gona ya kira sunansa har da na ubansa. Saboda haka ran da irin wannan dattijo ya fara wuce surukinsa a kasuwa bai kula ba, sai magana ta tashi, a ce auduga ta yi kuɗi ya soma girman kai, ko kuwa yana riƙe da wani abu a zuci. Sau da yawa kuwa laifin na wata cuta ne da likitoci ke kira gilakoma, mu kuma muke cewa hawan jinin ido.

Yadda take shi ne, akwai wani ruwa da ke gudana a cikin ido kullum. Idan magudanarsa ta toshe sai ido ya takura, jijiyar da ke kai gani zuwa ƙwaƙwalwa ta riƙa mutuwa a hankali, galibi ba ciwo ba ja. Ganin gefe ne ke fara tafiya, watau wanda ya ɓullo ta dama ko ta hagu ba a ganinsa. In ta yi nisa sai fuska ta dusashe, musamman da almuru ko cikin duhun zaure, mutum ya ga tsayi da riga, amma hanci da idanu da murmushi sun narke. A shekarar 2012 masu bincike a Landan sun gwada masu wannan cuta, suka tarar waɗanda ta kai tsakiyar ganinsu sun fi sauran kasa tantance fuskoki. A nan Nijeriya kuma, binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya nuna ita ce ta biyu wajen makantar da mutane, bayan yanar ido, kuma kusan mutum 1 cikin 20 na waɗanda suka kai shekara 40 yana da ita, akasarinsu ba su ma sani ba.

To, hukunci ya kan bi sani da niyya. Wanda bai gan ka ba bai ƙi ka ba. Suratul Hujurati ta gargaɗe mu game da yawan zato, Hausawa ma sun ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya, balle wanda aka ɗora wa majinyaci. Ashe nauyin ya koma kan mai lafiyar ido: shi zai fara sallama, ya faɗi sunansa. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Jabir ɗan Abdullahi ya ƙwanƙwasa ƙofar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da aka tambayi ko wane ne bai ambaci sunansa ba, Annabi kuwa ya nuna bai so haka ba. In haka ladabi yake ga wanda ƙofa ta tsare wa gani, yaya ga wanda cuta ta tsare? Don haka al'adar nan ta tsayawa gaban tsoho a ce masa, "Baba, ka gane ni kuwa?" ana jira ya yi kuskure a yi dariya, ya kamata a bar ta. Tozartawa ce, ko da an kira ta wasa.

Wani zai ce, ai shi ma majinyacin yana da nasa laifin, tun da ya ɓoye. Akwai gaskiya a nan. Kunya ta kan sa dattijo ya riƙa amsa gaisuwa da "yauwa, yauwa" bai san da wa yake magana ba, har ya daina zuwa suna da jana'iza don gudun abin faɗa, zumunci ya yanke. Ya wajaba ya gaya wa iyalinsa, domin cutar tana bin jini, 'ya'yansa da ƙannensa suna da haƙƙin su sani su je a auna su. Ganin da ya tafi ba ya dawowa, amma maganin ɗigawa na kullum, ko aiki, yana iya tsare wanda ya rage. Ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ga asibitin ido na ECWA a Kano. Neman magani bai saɓa wa tawakkali ba.

Sai dai mu tambayi kanmu, me ya sa yake ɓoyewa? Domin ya ga yadda muke mayar da makaho, mu cire shi daga shawara, mu bar masa ƙoƙon bara. Alhali Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda Suratu Abasa ta sauka a kansa, ladan ne, kuma an sha bar masa riƙon Madina. Idan gari ya kiyaye wa mutum darajarsa bayan idonsa ya raunana, ba zai ji nauyin faɗa da wuri ba.

Allah Ya kiyaye mana ganinmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu dace, amin.