Ko Tsufa Yana Tsarkake Littafi?

A shekarar 1948, a garin Binghamton na ƙasar Amurka, 'yan wata makarantar Katolika suka tattara littattafan labaran zane, suka tsiba su a fili, suka sa musu wuta. An yi haka a waɗansu garuruwa kuma. Littattafan nan sirara ne, takardarsu mai araha, ana ba da labari a cikinsu da zane, magana kaɗan. Sent 10 ake sayar da ɗaya, yaro yakan saya da kuɗin alewarsa. Yau kuwa irinsu, har da waɗanda suka fi su ban tsoro, ana sake buga su, a haɗa shida shida, a yi musu bango mai ƙarfi, dattawa masu furfura suna saye da tsada. To, 'yan'uwa, abin da iyaye suka ƙi jiya, ya zama mai kyau yau domin ya tsufa?

Bari mu ɗauki kamfani guda, mai suna EC. Wanda ya kafa shi, Max Gaines, labaran Littafi Mai Tsarki yake bugawa da zane domin yara. Ya rasu a 1947 cikin hatsarin jirgin ruwa, ɗansa William ya gaji kamfanin da bashi a kansa. A 1950 ɗan ya juya ga labaran ban tsoro, irin su Tales from the Crypt, inda gawa takan fito daga kabari ta kama wanda ya kashe ta. Ya buga labaran yaƙi kuma, da na tafiya zuwa taurari. Ciniki ya buɗe ƙwarai.

A 1954 wani likitan masu taɓin hankali, Fredric Wertham, ya wallafa littafi yana cewa labaran nan suna lalata yara. Cikin watan Afrilu na wannan shekara wani kwamitin Majalisar Dattawa ya zauna a Niyok a kan maganar. Sanata Estes Kefauver ya ɗaga bangon wani littafin EC, mutum yana riƙe da gatari a hannu ɗaya, da kan mace a ɗayan, ya tambayi Gaines ko wannan ya dace. Gaines ya amsa ya dace da littafin ban tsoro, rashin dacewa sai da an ɗaga kan har an ga jini yana ɗiga daga wuyan. Kafin shekara ta ƙare masu ɗab'i suka kafa wa kansu hukumar tacewa, labaran ban tsoro na EC suka mutu. Amma Gaines ya adana ainihin zane-zanen, daga gare su kuwa Russ Cochran ya soma sake bugawa a shekarun 1970. A 2006 aka soma fito da wani sabon jerinsu masu launi.

Masu sa wuta da masu neman a hana, niyyarsu kirki ce, ba na musu. Amma fa yawancinsu ba su karanta abin da suke hukuntawa ba. Akwai wani labarin EC na 1953 mai suna Judgment Day. Wani manzo daga duniya ya sauka a wata duniyar da mutum-mutumi na ƙarfe suke zaune, waɗansu launin lemo, waɗansu shuɗi. Cikinsu iri ɗaya ne, amma an ware shuɗin a unguwar baya. Manzon ya ce ba za a karɓe su cikin tarayyar duniyoyi ba sai sun bar wannan hali. Da ya koma jirginsa ya tuɓe hular kwano, sai ga shi baƙin mutum ne. Lokacin da Gaines ya so sake buga labarin, shugaban hukumar tacewa ya nemi a sāke mutumin, kada ya zama baƙi. Gaines ya ƙi. Ashe a ran nan mai sayar da labarin gawa ne ya tsaya a kan gaskiya, mai tsaron ɗa'a ya karkace. A 2012 kuma wata malama, Carol Tilley, ta bincika takardun Wertham, ta tarar ya murɗe maganganun yaran da ya kafa hujja da su.

Waɗansu sukan kawo Ayyukan Manzanni sura 19, inda aka ƙone littattafan sihiri a Afisa. Ku duba wurin da kyau. Masu littattafan ne da kansu suka kawo su, sun san abin da ke ciki, hasarar kuwa tasu ce, azurfa 50,000. Ba wanda ya shiga ɗakin maƙwabcinsa ya ɗebo.

Tsoro kansa ma ba zunubi ba ne. Kakanninmu mata sun ba mu tatsuniyar Dodo da dare, muka rungumi juna, ba mu lalace ba.

Duk da haka ba na tare da masu cewa tun da masu hanawa sun yi kuskure, to, dukan abin da suka hana zinariya ne. Su ma ba su auna ba. Bango mai ƙarfi suka gani, da shekaru 70, suka sunkuya. Gatarin nan da Kefauver ya ɗaga yana nan yadda yake, takarda ce kaɗai ta sāke.

Wani zai ce, ai a cikin Markus sura 6 ma akwai yankakken kai, na Yohanna Mai Baftisma a cikin akushi. Gaskiya ne. Amma ku lura da yadda Markus ya yi. Ya daɗe a kan Hirudus, da rantsuwarsa ta wauta, da kunyar baƙinsa wadda ta fi masa tsoron Allah. Kan kuwa ya ambace shi a taƙaice, ya wuce zuwa ga almajiran da suka zo suka ɗauki gawar suka binne. Mai karatu yakan tashi da baƙin ciki, yana tuhumar zuciyarsa. Labaran ban tsoro na EC da yawa, mugu yakan sami sakamakonsa a ƙarshe, masu yabonsu kuwa suna son faɗin haka. Sai dai a kan azabar ne mai zane yake zuba dukan gwanintarsa, domin mai kallo ya ji daɗi, ya kuma ce a ransa adalci ne yake murna da shi. A ganina wannan ya fi jinin haɗari, gama yana koya wa mutum ya sha daɗin wahalar wani da lamiri a kwance. Dattijo ma bai fi ƙarfin wannan jaraba ba, ko da ya ce tuna yarantaka yake yi.

Sake bugun ya yi amfani guda wanda wuta ba ta yi ba: yanzu ana iya buɗewa a karanta labari ɗaya ɗaya. Uban da ya tarar da irin littafin nan a hannun ɗansa, ya zauna ya karanta shi tukuna kafin ya yi magana. Watakila ya sami labarin manzon nan baƙi, su karanta tare. In kuwa ya iske na gatari ne, ya nuna wa yaron shafin, ya tambaye shi abin da ya ji sa'ad da ya gan shi.