Shin Ginin Kotu Yana Yin Wa'azi?

Tambayar da na zo mana da ita a wannan fitowa ita ce: kyawun ginin kotu yana ƙara wa adalci wani abu, ko kuwa almubazzaranci ne kawai?

Abin da ya jawo tambayar shi ne, kwanakin baya na raka wata maƙwabciyata kotu a nan yankinmu na Talata Mafara, a kan kuɗin ciyar da 'ya'yanta. Tun daga bakin ƙofa jikinta ya ɗauki ɓari. Babu inuwar da mata za su zauna sai gindin katanga, ga goyo ga rana. Can sai ta ce mini, "Malama, mu koma gida, na bar shi da Allah." Kin ji fa, ko alƙali ba ta gani ba, wurin kaɗai ya karya mata zuciya.

A hanyarmu ta komawa na tuna ziyarar da muka kai tsohon Masallacin Juma'a na Zariya muna ɗalibai. Babban Gwani Malam Mika'ilu ne ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Ginin ƙasa ne da azara, ga bakan gizo, ga zayyana a jikin ginshiƙai, babu surar mutum ko ta dabba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a cikin harabar masallacin ya sanya ɗakin shari'a. A fahimtata wannan wa'azi ne. Alƙalin da ya ɗaga goshinsa daga sujada ya taka ya zauna yin hukunci, da wuya ya manta akwai Alƙalin alƙalai. Mai shirin rantsuwar ƙarya ma sai ya ji nauyin wurin.

Ba mu kaɗai muka san wannan hikima ba. A birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu, an buɗe ginin Kotun Tsarin Mulki a 2004, a filin tsohon kurkukun da aka taɓa tsare Mahatma Gandhi da Nelson Mandela. Da tubalan wani ɓangaren kurkukun da aka rushe aka gina sashen kotun, don kada a manta da zaluncin da aka yi a wurin. An rubuta sunanta da harsuna 11 a gaban ginin. Tambarinta bishiya ce da mutane a ƙarƙashinta, kamar yadda dattawanmu ke zaman sulhu a gindin tsamiya. A zauren shari'ar akwai siririyar taga daidai da ƙasa, ƙafafun masu wucewa kawai alƙalai ke hange, ba su san na mai kuɗi ko na talaka ba. Akwai kuma zane-zanen da Mai Shari'a Albie Sachs ya jagoranci tarawa, baƙi na zuwa kallo.

Na san wata za ta ce, ai ba gini ke yin adalci ba. Gaskiya ne, ana iya zalunci a ƙarƙashin rufi mai ado, ana kuma iya adalci a kan tabarmar kaba. Adon da aka yi don alfahari, alhali mai ƙara na zaune a rana, ɓarnar dukiya ce. Amma ki tuna wasiƙar da Sayyidina Umar (R.A) ya aika wa Abu Musal Ash'ari, inda ya umurce shi da daidaita mutane a wajen zama da kallo, don kada babba ya yi kwaɗayin a karkata gare shi, kada mai rauni ya yanke ƙauna. Ashe wurin zama ma yana cikin adalci. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau a watan Oktoba na 1999, ya kamata kotunanmu su fi na kowa kula da wannan: rumfa ga mata, ruwan sha, da wurin da mace za ta faɗi damuwarta ba tare da an yi mata dariya ba.

Daga ƙarshe 'yar uwa, ke ma fa alƙaliya ce, tsakar gidanki ce kotunki. In ɗanki da ɗan kishiyarki sun yi faɗa, wa kike ɗorawa a cinya, wa kike bari a tsaye? In 'yar riƙo ta kawo ƙara, da wace fuska kike tarbarta? Yaro yakan gane hukuncinki tun kafin ki buɗe baki.

Maƙwabciyata dai mun lallashe ta ta koma, har yanzu ana kan shari'ar. Ku sa ta a addu'a. Allah Ya sa mu yi adalci ko da a kanmu ne, amin.